Za a kwashe kantocin kiɗan rok daga laburarenmu: in yi shiru ko in yi magana?

Malama Mai Kanta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga manyanmu da suka daɗe a aikin laburare. Shekarata tara ina aiki a laburaren wani ƙaramin gari a arewacin Ingila. Ranar Litinin aka tara mu aka ce kafin ƙarshen wata za a kwashe sashen faya-fayan kiɗa, a jera tebura da kwamfutoci a wurin. Ƙa'idar da aka ba mu ita ce, duk faifan CD da ya shekara biyu ba a are shi ba a soke shi daga rajista, a kasa shi a bakin ƙofa fam ɗaya ɗaya, wanda ya yi kwantai a kai shagon sadaka. Ni aka ɗora wa tantancewar.

Kanta uku daga ciki na kiɗan rok ne na shekarun 1960 zuwa 1980: Beatles, Rolling Stones, Jimi Hendrix, Led Zeppelin, Pink Floyd, Santana, Queen, Dire Straits, Fleetwood Mac da sauransu. Jiya na zauna a ƙasa da kwali a gabana ina ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Da na buɗe faifan Pink Floyd na 1973, mai hoton haske yana ratsa gilashi, sai ga tsohuwar takardar kwanan wata har yanzu manne a ciki, ta zamanin da ake buga hatimi da hannu. Ta cika da tambari shuɗi da ja, an manna sabuwa a kan tsohuwa har sau huɗu, murfin ya tsage an ɗaure shi da salatif. Na daɗe riƙe da shi, na kasa sa shi a kwali.

Ba zan ɓoye muku ba, ina son kiɗan nan. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a masaƙa ya yi aiki a Kaduna, kuma ranar Lahadi bayan la'asar yakan fito da akwatin faya-fayansa ya goge kowanne da ƙyalle kafin ya ɗora allura. Santana da Shata a akwati guda suke kwana. Shi ya sa nake tsoron kada son zuciyata ya rufe min ido. Ku faɗa min gaskiya: wannan kiɗa yana da haƙƙin zama a kantar laburare, ko kewar mahaifina ce kawai take damuna?

Auta: Wa alaikumus salam Anti. Allah ya jiƙan Baba. Amma ki yi haƙuri, ni ina ganin shugabanninku suna da gaskiya. Duk sunayen da kika lissafa yanzu na duba a wayata, babu wanda ban samu ba. Ni ban ma taɓa mallakar na'urar da ke karanta CD ba, kwamfutata ba ta da wurin sa shi. Mai neman aiki da ba shi da intanet a gida ya fi buƙatar teburin nan. Idan kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja.

Yaya Mai Katalog: Amin. Ƙanwata, kafin komai, kada ki ɗauki cire kaya daga kanta a matsayin laifi. Duk wanda ya yi aikin nan ya san laburaren da ba a rage masa kaya gona ce da ba a nome ta. Mu ma kowace shekara muna yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ma'aunin da aka ba ki, domin “shekara biyu ba a ara ba” ma'auni ne na littafin labarin da aka yi yayinsa ya wuce, ba na tushen wani fanni ba. Ba a cire ƙamus don an daɗe ba a buɗe shi ba.

Auta kuma, abin da ke wayarka ba naka ba ne, haya kake yi. Faifan da laburare ya saya ya zama nasa, yana nan a kanta har ya farfashe. Na cikin manhaja lasisi ne, ranar da kamfani da mawaƙi suka saɓa sai ka wayi gari babu. A watan Janairun 2022 Neil Young ya janye waƙoƙinsa daga manhajar sauraron waƙa ta Spotify, Joni Mitchell ta bi shi, ba su dawo ba sai Maris 2024. Waƙoƙin Beatles kansu ba su shiga waɗannan manhajoji ba sai Disambar 2015. A 2019 shafin sada zumunta na Myspace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora daga 2003 zuwa 2015 wajen sauya rumbun ajiya, an ƙiyasta sun kai miliyan 50. Kayan aro ba ya rufe katara.

Auta: Yaya, wannan na Myspace ban taɓa ji ba. Amma ai waɗanda suka ɓace ƙananan mawaƙa ne. Wa zai bari Beatles su ɓace?

Baban Rediyo: Ɗana, bari in amsa maka, don wannan tambayar ta taɓa inda ke min ciwo. Shekara talatin da ɗoriya na yi a ɗakin adana faya-fayai na wani gidan rediyo kafin in yi ritaya. Abin da na koya shi ne, babu sautin da ya fi ƙarfin ɓacewa, komai shaharar mai shi.

Ranar 1 ga Yunin 2008 gobara ta tashi a harabar kamfanin Universal da ke Los Angeles, ta cinye wani sito da ake ajiye zaren asali, wato tef ɗin farko da aka naɗa a situdiyo wanda daga gare shi ake buga kowane kwafi. Shekara goma sha ɗaya ana ganin abin ƙarami ne, sai a 2019 mujallar New York Times ta ruwaito cewa zaren da ya ƙone ya haura 100,000, har da na kamfanin Chess da ya naɗi Chuck Berry da Muddy Waters. Kamfanin Universal ya ce asarar ba ta kai haka ba. Ko ma nawa ne, ka ga wannan a ƙasar da take da kuɗi da injinan kashe gobara ke nan.

Ko ba wuta, shi zaren kansa yana da ajali. Da yawa daga tef ɗin da aka yi a shekarun 1970 da 1980, gam ɗin da ke riƙe ƙurar maganaɗisu a jikin leda yana shan danshi ya yi danƙo. Ka ɗora shi a inji sai ka ji yana ƙara kamar kukan ɓera, baƙin gari yana zuba a kan injin, wannan garin kuwa shi ne muryar mawaƙin take zubewa a gabanka. Maganin da masana suka samo shi ne a gasa shi a wata tanda ta musamman a zafin wajen digiri 50 na tsawon sa'o'i, ya bushe na ɗan lokaci, a yi maza a kwafe. Mu ba mu da tandar. Na ga ranar da aka rasa sabon tef, aka ɗauko na wani makaɗin fada da ya riga mu gidan gaskiya aka naɗi jawabin taro a kansa. Na yi magana, aka ce min aiki ne ya taso. Har yau idan na tuna sai barci ya ƙaurace min.

'Yata Malama, ki yi magana. Ko ba a saurare ki ba, kin fita haƙƙi.

Malam Na-Zariya: Assalamu alaikum. Baba, Allah ya ƙara lafiya, na ji zafin abin da kuka faɗa. Amma ina da ja a kan asalin maganar, kuma ina fata Malama ba za ta ji haushi ba. Laburare gidan ilimi ne. Mutanen nan da ake lissafawa, wane irin misali suka bari? Hendrix ya mutu a 1970 yana da shekara 27, Janis Joplin ta bi shi bayan makonni kaɗan ita ma tana 27, Jim Morrison a 1971 shi ma 27, kuma kowa ya san rawar da giya da ƙwaya suka taka a rayuwarsu. Malamanmu da yawa suna da magana a kan kayan kiɗa ma baki ɗaya. Idan Allah ya kawo dalilin da za a ɗauke wannan daga gaban yara a sa abin da zai amfane su, me zai sa 'yar Musulmi ta zama ita ce mai tsayawa kare shi?

Malama Mai Kanta: Malam, ban ji haushi ba, kuma na gode da kuka faɗa a fili. Na yi wa kaina wannan tambayar tun kafin in rubuto. Abin da na tsaya a kai shi ne, amanar da aka ba ni ta mutanen garin nan ce, da harajinsu aka sayi kayan. A kantocinmu akwai littattafan da ban yarda da ko layi ɗaya a cikinsu ba, ina goge musu ƙura ina mayar da su wurinsu. A kanta ta gaba kuma akwai tarjamar Alƙur'ani da littattafan sira, abokin aikina da ba Musulmi ba shi ma haka yake kula da su. Ranar da kowannenmu ya fara cire abin da bai kwanta masa ba, na san kayan wa za a fara fitarwa a garin da mu 'yan tsiraru ne.

Game da rayuwarsu, ban kare ta ba. A sashen tarihin mutane muna da littattafan da suka faɗi yadda ƙwaya ta cinye su ba tare da an shafa mata mai ba, kuma na fi son matashi ya karanta wannan a gefen faifan.

Malam Na-Zariya: Hujjarki ta amana na karɓe ta. Ra'ayina a kan kiɗan kansa yana nan, ni ba zan saurara ba kuma ba zan kai 'ya'yana ba. Amma na fahimci bambancin abin da mutum yake zaɓa wa gidansa da abin da aka ba shi tsaro na jama'a.

Yaya Mai Katalog: Malam, Allah ya saka da alheri da wannan adalcin. Ƙarin bayani kawai: cikin mutanen wannan zamani akwai Cat Stevens, wanda ya musulunta a ƙarshen 1977 ya zama Yusuf Islam, ya ajiye jita shekaru masu yawa, ya kafa makarantar Islamiyya a Landan a 1983, sannan a 2006 ya dawo da sabon faifai. Mai son ya fahimci tafiyarsa dole ya san inda ya fito.

Gwaggo Malamar Tarihi: Na jima ina karantawa, bari in sa baki. Tarihi nake koyarwa a wata kwaleji a Amurka, kuma akwai labarin da nake ba ɗalibaina duk shekara wanda ya dace da wannan muhawara.

A 1941 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya tura Alan Lomax, tare da John Work na Jami'ar Fisk, yankin Mississippi da injin naɗar sauti a bayan mota. A wata gonar auduga da ake kira Stovall suka sami wani baƙar fata mai tuƙa tarakta, yana kaɗa jita a bukkarsa. Suka naɗe shi, suka kunna masa ya ji muryarsa a karon farko. Wannan mutumin shi ne Muddy Waters. A 1943 ya tattara ya koma Chicago, ya haɗa jitarsa da lantarki don a ji shi a cikin hayaniyar birni. A watan Oktoban 1961, a tashar jirgin ƙasa ta Dartford a Ingila, wani saurayi mai suna Keith Richards ya hangi tsohon abokin makarantarsa Mick Jagger rungume da faya-fayan Muddy Waters da Chuck Berry. Daga wannan haɗuwa ƙungiyarsu ta samo asali, sunan Rolling Stones ma daga waƙar Muddy Waters aka ɗauko shi. A 1964 suka je har situdiyon Chess a Chicago suka yi naɗi.

To kun ga, ma'aikatan laburare suna cikin labarin kiɗan nan tun kafin a raɗa masa suna. Kuma abin da ake kira kiɗan Turawa, jijiyarsa buluz ce ta jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Sau da yawa ma kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi aka yi: sai da marubucin waƙoƙin buluz Willie Dixon ya kai Led Zeppelin kotu a 1985 a kan baitocinsa, aka sasanta a 1987, sannan sunansa ya fara fitowa a jikin faifan. A ina mai sauraro zai ga wannan? A 'yar takardar da ke cikin murfi, inda ake rubuta wanda ya tsara waƙa, wanda ya kaɗa me, a wane situdiyo, a wace shekara. Wanda yake ji a waya da wuya ya bi ta kan wannan.

Shi wancan Laburaren Majalisar Dokokin Amurka har yau bai saki ba. Dokar da aka yi a 2000 ta kafa rajistar sautukan ƙasa, yanzu kowace shekara ana zaɓar guda 25 da suka kai aƙalla shekara goma, jama'a ne suke ba da sunaye. Faifan Beatles na 1967 yana ciki, na farkon Hendrix yana ciki, wannan na Pink Floyd da ya tsaya wa Malama a hannu shi ma yana ciki. Ana ajiye su a Culpeper ta jihar Virginia, a wani gini cikin tsauni da a zamanin yaƙin cacar baka babban bankin ƙasar yake ɓoye kuɗi a ciki.

Auta: Gwaggo, wallahi na ƙaru. Amma ku duba, kun ƙara min hujja ne. Tunda ga manyan wurare a cikin tsauni suna ajiye su, su Anti kuma a Ingila suna da nasu babban laburaren ƙasa, me ya rage wa ƙaramin laburaren gari? A bar wa manya ajiya, ƙanana su yi abin da mutane suke buƙata yau.

Malama Mai Kanta: Auta, wannan ita ce tambayar da shugabata za ta yi min, gara da ka riga ta.

Gaskiya ne Laburaren Birtaniya yana da sautuka sama da miliyan shida. Asalinsa ma wani mutum ne, Patrick Saul, da tun yana matashi ya je shago neman wani faifai aka ce an daina buga shi, ya nufi gidan tarihi na ƙasa ya tarar ba sa ajiye faya-fayai sam. Abin ya tsaya masa a rai har ya kafa cibiyar adana sauti a 1955, aka haɗe ta da laburaren ƙasa a 1983. Amma can ba a ba da aro. Sai ka yi katin mai karatu, ka je, ka zauna ka saurara a wurin. Kuma a Oktoban 2023 masu kutse suka afka wa kwamfutocinsu, aka yi watanni ayyuka da yawa a tsaye.

Ga wanda nake tunani. Akwai wani dattijo, tsohon direban bas, da yake zuwa duk Alhamis. Ba shi da wayar zamani, hannunsa ma yana rawa. Yakan ɗauki faifai biyu, ya tsaya a teburina ya ba ni labarin ranar da ya ga wata ƙungiya a zauren garin yana saurayi, da kuɗin tikitin, da rigar da ya sa. Tun da matarsa ta rasu, ina jin ni ce mutum na farko da yake yi wa doguwar magana a mako. Akwai kuma wata yarinya 'yar shekara sha huɗu da take koyon jita, ta fara da faifai ɗaya da malaminta ya ambata, ta bi kantar daga hagu zuwa dama har ta faɗa cikin buluz. Waya tana kawo maka irin abin da ka riga ka so ne. Ita yarinyar nan maƙwabtakar kanta ce ta kai ta inda ba ta san da shi ba. Babu ɗayansu da zai hau jirgi zuwa Landan.

Ɗan Agadas: Salamu alaikum. Hausata ta Nijar ce, ku yi haƙuri da ita. Maganar yarinyar nan ta sa na kasa yin shiru, don mu nan mun ga abin da kaset ɗaya yake yi. Bombino, makaɗin jita ɗan ƙasarmu, da danginsa suka yi gudun hijira zuwa Aljeriya a 1990, da bidiyon Hendrix da na Mark Knopfler na Dire Straits ya riƙa koyon yadda ake sarrafa jita, yana maimaitawa har ya iya. Ya je Nashville a Amurka ya naɗi faifan da ya fito a 2013, daga baya ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin takarar lambar yabon waƙa ta Grammy. Mdou Moctar na jihar Tawa da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma da hagu yake kaɗawa.

Amma ku ji ta inda abin yake da ban tsoro. Waƙoƙin farko na su Mdou a katin waya suka yi yawo, daga wannan waya zuwa waccan, daga Agadas har Kidal. Babu murfi, babu suna, babu shekara. Sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara wasu ya fitar a faifai a 2011 sannan duniya ta san su. Sauran da bai ci karo da su ba, sun tafi tare da wayoyin da suka lalace. Ni kaina ina da kati biyu da suka daina buɗewa, akwai bikin ƙanwata a ciki da makaɗan da biyu daga cikinsu sun rasu.

Baban Rediyo: Allah ya jiƙansu. Ɗan Agadas ya tuna min, mu ma a Najeriya an yi rok na gaske bayan yaƙin basasa, yaran yanzu ba su sani ba. Ofege 'yan makarantar sakandare ne a Legas lokacin da suka fitar da faifansu na farko. Ga BLO, ga Funkees daga gabas, a Kano ma akwai Elcados. Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream, ya zauna a Legas ya buɗe situdiyo, ya yi faifai da Fela a 1971. Paul McCartney na Beatles a situdiyon EMI na Legas ya naɗi yawancin faifansa na 1973. Duk waɗannan sun ratsa ta hannuna, na san nauyinsu da ƙanshin kwalinsu. Da aka tashi sake fitar da na 'yan Najeriyar, wani kamfanin Ingila ne, Soundway, ya tattara su a 2008, kuma irin wannan aiki yawanci daga tsofaffin kwafin da aka tsinto a kasuwa da ɗakunan mutane ake yin sa. Wato kwafin da wani ya ƙi zubarwa shi ya ceci waƙar.

Malam Na-Zariya: To Baba, a nan ne nake ganin ya kamata ƙarfinmu ya tafi. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo cike suke da tarihin sarautu da Hausar da ba a ji yanzu, ɗaliban adabi suna rubuta digiri a kansu. Ga karatuttukan malamai na tafsiri da aka naɗa a kaset shekaru aru-aru. Wa yake ajiye waɗannan yadda ya kamata?

Gwaggo Malamar Tarihi: Malam, a wannan kam bakinmu ɗaya. Sai dai ban ga ɗaya yana hana ɗaya ba. Hannun da ya iya rubuta katin faifan Hendrix, da shekara da situdiyo da sunan kowane makaɗi, shi ne zai iya rubuta na Shata.

Yaya Mai Katalog: Mu dawo kan Malama, don ranar taronta da shugabarta tana matsowa. Ƙanwata, ga abin da zan yi in ni ne ke. Kada ki shiga da cewa a bar komai, za a ce son rai ne. Ki shiga da lissafi. Ki fitar da masu kwafi biyu, da tarin “zaɓaɓɓun waƙoƙi” da suke maimaita juna, da waɗanda suka karce har suna tsalle. Ki ɗaga kowanne a haske: wasu da aka buga a wata masana'anta a garin Blackburn na Ingila tsakanin 1988 da 1993 suna rikiɗewa su yi kalar tagulla daga gefe, waɗannan sun fara mutuwa, ba sa jin magani. Abin da ya rage ki zaɓi cikakkun faya-fayai na asali, ki nemi a ba su kanta ɗaya.

Sannan ki daina ware su can lungu. A tsarin Dewey, wato tsarin lambobin da ake jera kayan laburare da shi, rok yana 781.66, buluz yana kusa da shi. Ki kawo littattafan tarihin kiɗan da na koyon jita ki jera su tare da faya-fayan, mai neman ɗaya ya ga ɗaya. Kuma ki duba dokar laburaren jama'a ta Ingila da Wales ta 1964, sashe na 7. Ta ambaci faya-fayan garmaho da fina-finai da sunansu cikin abubuwan da ake so hukuma ta yi la'akari da samar da su. Ba ta tilasta a ajiye naku ba, amma tana nuna cewa sauti ba baƙo ba ne a gidan.

Auta: Anti, in ƙara ɗaya? Ku sayi na'urar CD ko guda biyu da abin sawa a kunne, a riƙa ba da aronsu tare da faifan. Irina da yawa ba ƙin ji muke yi ba, abin kunnawa ne babu.

Malama Mai Kanta: Auta, wannan shawarar taka ita na fara rubutawa a takardata.

Malama Mai Kanta: Assalamu alaikum, na dawo da labari. An yi taron jiya. Na bi shawarar Yaya, na shiga da jerin abin da na yarda a cire, ya kai kusan kashi biyu cikin uku. Shugabata ta karanta sashen dokar da na buga mata, ta yi shiru, sannan ta ce kanta ɗaya za ta iya bari, a gwada shekara guda a ga yawan aro. Kwamfutocin za su shigo kamar yadda aka tsara, kuma na ji daɗin hakan, don Auta bai yi ƙarya ba game da masu neman aiki. Kuɗin na'urar kunnawa ba a amince ba tukuna, amma wani abokin aikina ya ce yana da guda a gida zai kawo.

Na rasa wasu da na so a bari, na Fleetwood Mac biyu sun yi kalar tagullar nan. Mai salatif ɗin yana nan, na canja masa murfi na bar takardar hatimin a ciki. Dattijon ya zo yau Alhamis, na nuna masa sabon wurin, ya ce kujerar da ke kusa ta fi masa sauƙin zama.

Baba, wata tambaya gare ku. Akwatin mahaifina yana Kaduna a ɗakin mahaifiyata, ƙarƙashin gado, shekara goma sha biyu ba a buɗe ba. Ina son in sa ƙanina ya duba. Me zai fara yi?

Baban Rediyo: Alhamdu lillahi, Allah ya yi miki albarka 'yata. Ki ce masa kada ya kunna ko ɗaya tukuna. Ya fito da akwatin daga ƙasa saboda danshi da gara, ya buɗe shi a inuwa, kada rana ta taɓa su don faifai yana lanƙwashewa. Ya tsayar da su a tsaye kamar littattafai, kada ya ɗora wani kan wani. Ya riƙe kowanne ta gefe, ya ɗauki hoton murfin gaba da baya da tambarin tsakiya inda lamba take, ya turo nan. Idan akwai kaset a ciki ya duba ko zaren ya yi farin fumfuna, in ya yi ya ware shi daban a leda. Na Shatan nake so in fara gani, in san na wane kamfani ne.